Farin 1968 zuwa 1974 da Asalin Haɗin Kan Ƙasashe a kan Yunwa a Yankin Sahel

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun yadda ƙasashen duniya suka fara haɗa kai domin tarar bala'in fari da yunwa a yankin nan da ake kira Sahel, watau zirin ƙasar da ya miƙe a gefen hamada daga Senegal har zuwa Cadi, wanda kudancin Jumhuriyar Nijar da arewacin Nijeriya suke cikinsa. Za mu fi tsayawa a kan farin da ya soma a 1968 ya yi tsanani a 1972 da 1973, domin kusan dukkan hukumomin da ake tinƙaho da su a wannan fanni daga cikinsa aka haife su. Abin da muke son nunawa shi ne, an gina wannan haɗin kai bisa iyakokin da Turawa suka shata, alhali kuwa hatsi da dabbobi da masu jin yunwa wata hanya dabam suke bi.

2.0 Kafin 1968

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, shaida kuwa ita ce kowace babba tana da sunan da jama'a suka laƙaba mata. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta 1954. A zamanin da, abin da talaka yake dogara da shi idan damina ta ƙi shi ne rumbun gandu, da zakkar hatsi, da ɗan'uwa ko ubangida mai hali, sa'an nan cin rani idan abin ya faskara. Mulkin Turawa bai rushe waɗannan gaba ɗaya ba, amma ya raunana su, musamman da ya wajabta biyan haraji da tsabar kuɗi. Kakalaba ta faɗo ne jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, manoma da yawa sun karkata ga gyaɗa, ba a kuma fasa karɓar haraji ba. Haka a yammacin Nijar a 1931: fara ta cinye amfanin gona, Faransawa suka ci gaba da matsa wa mutane.

A tsakanin ƙasashe kuwa, an taɓa yin yunƙuri tun da wuri. A 1927, a ƙarƙashin tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya da ke Janeba, an kafa wata ƙungiyar agaji bisa shawarar wani Ba'italiye mai suna Giovanni Ciraolo, don ƙasashe su riƙa tara kuɗi suna taimakon wadda bala'i ya faɗa wa. Ba ta taɓuka wani abin kirki ba saboda rashin kuɗi. Inda aka ɗan ci nasara shi ne yaƙi da fara. Annobar farar da ta taso daga fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali ta yanzu wajen 1928 ta mamaye yawancin Afirka har shekara goma sha uku, ta tilasta wa masu mulkin mallaka zama a teburi ɗaya, a Roma a 1931, a Paris a 1932, har zuwa taron Brussels na 1938. Dalili a fili yake: fara tana cin auduga da gyaɗar da Turawa suke bukata, kuma ba ta neman takardar izinin ƙetare iyaka.

Akwai wani abu da ya kamata mu ajiye a zuciya, domin za mu komo kansa. A 1935 wani masanin gandun daji na Ingila, E. P. Stebbing, ya baza labarin cewa hamada tana gurgusowa kudu za ta cinye arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, ya zaga bakin iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar rairayi yana tafiya yana binne ƙasa ba. Aka ajiye rahoton, aka manta da shi.

Shekarun 1950 kuwa shekarun ruwa ne. Manoma suka yi ta sassabe suna nausawa arewa cikin makiyaya, har gwamnatin Nijar ta kafa doka a 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba. Daga 1962 aka shiga gagarumin aikin allurar bushiya, wanda aka fara a ƙasashe huɗu na tafkin Cadi da taimakon ƙasashen waje, ga kuma rijiyoyin burtsatse da aka yi ta haƙawa. Garken shanu ya ƙaru ƙwarai. Ke nan sa'ad da ruwa ya ɗauke, ya tarar da mutane da dabbobi sun yi yawa a wuraren da ba su da abin dogaro sai ruwan sama.

3.0 Shekarar 1973

Ruwa ya fara ƙaranci tun 1968, amma daminar 1972 ita ce ta karya ƙashin bayan jama'a. Tun a watan Satumba na wannan shekara ma'aikatan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, sun san an yi asarar amfani. Amma sai a watan Maris 1973 ministocin ƙasashe shida suka taru a Wagadugu suka bayyana yankin a matsayin inda bala'i ya faɗa, sai kuma a watan Mayu FAO ta buɗe ofishi na musamman na agajin Sahel. Wata shida zuwa takwas ke nan suka salwanta, su ne kuwa watannin rani da mota take iya shiga ko'ina.

Me ya kawo wannan jinkiri? Dalilai uku muke gani, ba kuma nauyinsu ɗaya ba. Na farko, gwamnatocin yankin yara ne, shekara goma sha biyu kacal da samun mulkin kai, suna jin kunyar a ce sun kasa ciyar da mutanensu. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ita ce ba a kai agaji sai ƙasa ta roƙa. Na biyu, hatsi ya yi tsada a duniya. A 1972 Tarayyar Sobiyet ta sayi alkama mai ɗimbin yawa daga Amurka, rarar da ake bayarwa sadaka ta ragu, sa'an nan tashin kuɗin man fetur na Oktoba 1973 ya ƙara tsadar dako. Na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran, waɗanda suka fara mutuwa makiyaya ne, Buzaye da Fulani, mutanen da ba su da murya a manyan birane.

Da agajin ya taso kuma, sai hanya ta zama matsala. Mali da Nijar da Cadi da Upper Volta, watau Burkina Faso ta yanzu, duk ba su da bakin teku. Hatsin Mali a Dakar ko Abijan ake sauke shi, layin dogo ɗaya ne tak daga Dakar zuwa Bamako. Na Nijar yakan biyo ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Faraku, daga nan sai manyan motoci; ko kuma ya biyo ta Ikko zuwa Kano, a ɗora wa motoci zuwa Maraɗi da Damagaram. Buhuna suka yi ta taruwa a tashoshin jiragen ruwa har damina ta faɗi, hanyoyin ƙasa suka yanke. Tilas aka koma ga jiragen saman soja na Amurka da Faransa da Beljiyam da Jamus ta Yamma da wasunsu, a kan kuɗin da ya ninka na mota sau da yawa. Wani abin takaici shi ne irin abincin da aka kawo. Cikinsa akwai jar dawar da a can Amurka dabbobi ake ba, aka miƙa wa mutanen da cikinsu ya saba da nono da gero. A sansanonin 'yan gudun hijira, irin na Lazare a gefen Yamai, zawo da ƙyanda suka yi wa yara mummunar ɓarna. Wani rahoto da Hal Sheets da Roger Morris suka fitar a Amurka a 1974 ya ɗora laifin jinkirin a kan hukumar agaji ta Amurka da FAO, ya kuma tayar da ƙura ƙwarai.

An yi ta yawo da adadin mutum 100,000 a matsayin waɗanda suka mutu. Masanin ƙidayar jama'a John Caldwell ya yi jayayya da wannan adadi a 1975, yana mai cewa ƙaura da zumunci sun ceci mutane fiye da yadda aka zata. Wannan magana tasa tana da muhimmanci a gare mu, domin ina mutanen suka ƙaura? Da yawa daga cikin na Nijar kudu suka yi, suka cika Sakkwato da Katsina da Kano, aka ga Buzaye suna gadi suna sayar da takubba da kayan adon matansu. Babu wata yarjejeniyar da ta tsara wannan, kuma ba ya cikin lissafin agajin da ake bugawa a Roma.

Yunwar ta ci gwamnatoci ma. A ranar 15 ga Afrilu 1974 soja a ƙarƙashin Seyni Kountché suka hamɓarar da Diori Hamani, babban zargin da suka yi kuwa shi ne an karkatar da hatsin agaji. A watan Satumba na wannan shekara aka tuɓe Sarkin Habasha Haile Selassie, wanda gwamnatinsa ta ɓoye yunwar lardin Wollo. Darasin da masu mulki suka ɗauka daga nan yana da fuska biyu: wasu sun koyi tanadin hatsi, wasu kuwa sun koyi cewa kalmar yunwa kanta abar tsoro ce, gara a hana furta ta.

4.0 Hukumomin da aka haifa

A ranar 12 ga Satumba 1973 shugabannin Upper Volta da Mali da Murtaniya da Nijar da Senegal da Cadi suka kafa kwamitin dindindin na yaƙi da fari, wanda aka fi sani da CILSS, da hedkwata a Wagadugu. Gambiya da Kef Bad da Gini Bisau sun shigo daga baya. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin horar da ma'aikata da tattara bayanin ruwan sama da na koguna da na amfanin gona. A 1976 aka kafa cibiyar bincike ta Sahel a Bamako. A wannan shekarar ce kuma ƙasashe masu ba da taimako suka kafa nasu dandalin, Club du Sahel, mai ofishi a Paris. Babban taron abinci na duniya da aka yi a Roma a Nuwamba 1974 ya haifar da tsarin faɗakarwa na FAO a 1975, ya kuma ɗauki alkawarin cewa cikin shekara goma ba sauran yaron da zai kwana da yunwa. Shekara goma cif bayan haka ita ce 1984.

Duk ƙasashe shidan da suka kafa CILSS Faransa ce ta mallake su, kuma Nijeriya ba ta ciki. Ana iya cewa ai Nijeriya tana da kuɗin mai a lokacin, ba ta bukatar sadaka, har ita ma ta ba maƙwabta gudummawa. Gaskiya ne. Amma farin bai tsaya a Jibiya ko Illela ya juya ba. Ya ƙone gonaki daga Sakkwato har Barno, ya taimaka wajen kashe noman gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi. Nijeriya ta bi tata hanyar: ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa a 1976, wadda NEMA ta gada a 1999, ta kuma duƙufa gina madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori. Madatsar Tiga ta rage ruwan da ke gangarawa fadamun Haɗeja da Nguru har zuwa kogin Yobe, wanda Nijar take da haƙƙi a cikinsa. Sai a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya rabe biyu a 1973, ya ci gaba da janyewa har babban aikin noman ban-ruwa da Nijeriya ta gina a kudancinsa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa. Hukumar tafkin tana nan tun 1964, amma ba ta da ikon hana wata ƙasa yin abin da ta ga dama da ruwan da ya ratsa ta.

A nan ne za mu komo kan Stebbing. Bayan farin, tsohon ra'ayinsa ya farfaɗo da sabuwar riga. A 1975 Hugh Lamprey ya ba da rahoton cewa hamada tana cin kilomita biyar da rabi kowace shekara a Sudan, Jule Charney kuma ya kawo bayanin cewa kiwo fiye da kima yana tsiraita ƙasa, tsiraicin ya kore ruwan sama. A kan wannan fahimta aka yi taron Nairobi na 1977 kan gurgusowar hamada, aka tsara shirin da kuɗinsa bai taɓa taruwa ba. Illar wannan ra'ayi ita ce ya mai da wanda bala'i ya faɗa wa mai laifi: makiyayi da akuyarsa, da mace mai neman itacen girki. Binciken da ya biyo baya, tun daga na Folland da abokansa a 1986 har zuwa na Giannini a 2003, ya nuna cewa babban sanadin farin shi ne sauyin zafin ruwan tekuna, hotunan tauraron ɗan Adam kuma suka nuna gefen hamada yana matsowa ya koma gwargwadon damina. Kwamitin 1937 ya fi kusa da gaskiya. Shi kuwa Amartya Sen, a littafinsa na 1981, ya jawo hankali ga wani gefen: mutum yana iya mutuwa da yunwa alhali kasuwa cike take da hatsi, idan saniyar da zai sayar ta faɗi warwas, tiyar gero kuwa ta hau.

5.0 Gwaji biyu: 1984 da 2005

Daminar 1984 ta fi ta 1973 muni, har kogin Kwara ya daina gudu a Yamai a watan Yuni 1985. Lalle an ga amfanin hukumomin: labari ya fita da wuri, Nijar tana da rumbunan gwamnati, Kountché kuma bai ɓoye halin da ake ciki ba. Amma a watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya saboda canjin kuɗi da fasa-ƙwauri, ba a buɗe ba sai 1986. Hanyar da ta ceci mutane a 1973, watau kai dabba kudu a sayo hatsi, ko tafiya cin rani, ta toshe daidai lokacin da aka fi bukatarta. Mutanen ƙasar Maraɗi sun sa wa wannan yunwa suna El Buhari. Babu wani rahoton hukuma da ya bayyana matsalar a taƙaice kamar wannan suna.

Daga wannan fari aka ƙara gina wasu tsare-tsaren: taron masu lura da ƙarancin abinci na 1984, tsarin faɗakarwa na Amurka mai suna FEWS a 1985, da yarjejeniyar ladabin ba da agajin abinci da aka amince da ita a Bisau a 1990, wadda ta nemi a daina jibge hatsin waje yana karya farashin manomin gida. Amma abin da ya fi canza fuskar ƙasa ba daga teburin taro ya fito ba. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare, da ƙarfafawar wani ɗan mishan na Ostareliya, Tony Rinaudo. Da gwamnati ta sassauta dokar da ta mai da kowane itace mallakarta, abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo na kan gaba.

Gwajin 2005 ya fi ban mamaki, domin a lokacin babu abin da ba a auna ba. Bayan fara da ɗaukewar ruwa a 2004, an lissafa giɓin hatsin Nijar kimanin tan 223,000, abin da ba a ɗauka mai tayar da hankali ba. Gwamnati ta nemi taimako tun Nuwamba 2004, ba a kula ba. Abin da ma'aunan ruwa ba su gani ba shi ne kasuwa: hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, 'yan kasuwa suka riƙa kwasar na Nijar suna yin kudu da shi, maƙwabta kuma suka taƙaita fitar da nasu. Gero ya fi ƙarfin talaka a Maraɗi da Damagaram, watau a rumbun ƙasar, inda taswirar masana ba ta nuna haɗari sosai ba. Gwamnati da masu ba da taimako suka dage a kan sayar da hatsi da rangwame maimakon rabawa kyauta, don kada a ɓata kasuwa, Shugaba Mamadou Tandja kuma ya ƙi yarda a kira abin yunwa. Sai da BBC ta nuna hotunan yara daga Maraɗi a watan Yuli 2005 sa'an nan kuɗi suka kwararo. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a wannan shekara. Shekara talatin da biyu bayan 1973, faɗakarwa ta zo a kan kari, agaji ya sake makara da wata takwas.

Bayan wannan ne aka fara ɗaukar kasuwar Dawanau ta Kano da su Jibiya da Maigatari da Illela a matsayin ma'aunin yunwar Nijar, daidai da ma'aunin ruwan sama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun gaggawa a 2006 don kada a riƙa jiran hoton talabijin. ECOWAS ta amince da kafa rumbun tanadi na yanki a 2013. Tarayyar Afirka ta kafa tsarin inshorar fari a 2012, wanda a farkon 2015 ya biya Senegal da Murtaniya da Nijar kimanin dala miliyan 26 ba tare da an yi bara ba. A 2015 ne kuma aka fara shigar da jihohin arewacin Nijeriya cikin tsarin bai-ɗaya na CILSS na auna ƙarancin abinci, bayan shekara arba'in da biyu da kafa kwamitin.

Amma batun iyaka yana nan inda yake. Nijeriya ta sake rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar Nijeriya da Nijar ana tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijeriya ba sai Maris 2024. Kayan agajin Hukumar Abinci ta Duniya suka maƙale a hanyar Kwatano, aka koma zagayawa da su ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. A watan Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, uku daga cikin ƙasashe shidan da suka taru a Wagadugu a 1973, suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da rumbun tanadin yankin yake hannunta.